KAMUN KIFI A TEKU: JAGORA GA MASU ZUWA HUTU BAKIN TEKU

Gabatarwa

A kowace shekara, musamman a lokacin hutun ƙarshen shekara da na bukukuwan Salla da Kirsimeti, ɗimbin 'yan ƙasar nan sukan bar garuruwansu na tudu su gangara Kudu domin hutawa ko ziyartar 'yan'uwa da abokan arziki. A cikinsu akwai ma'aikatan gwamnati, da 'yan kasuwa, da ɗaliban makarantu masu yawon buɗe ido, da matasa masu yi wa ƙasa hidima. Da wuya ɗayansu ya isa Ikko ko Badagiri ko Ibeno bai nemi a kai shi ya ga teku da idonsa ba. In kuwa ya je ya tarar da masunta suna jawo taru, ko ya hangi wani yana jefa fatsa daga kan duwatsu, sai shi ma sha'awa ta kama shi ya gwada.

Wannan sha'awa ba laifi ba ce, domin kamun kifi da fatsa hanya ce mai kyau ta hutar da jiki da zuciya. Sai dai akwai wani kuskure da baƙi suka cika yi, shi ne su ɗauka teku babban kogi ne kurum. Mutumin da ya tashi a Yawuri ko Argungu ko Lakwaja ko Baga, ya iya iyo tun yana yaro, ya san birgi da mamari, yakan tunkari teku gaba gaɗi, alhali kuwa halinta dabam ne da na duk ruwan da ya sani. An shirya wannan ɗan littafi domin a bayyana wa mai karatu wannan bambanci, a nuna masa lokaci da wuri da hanyar da suka dace da kamun kifi, da abin da doka ta tanada, don ya yi hutunsa cikin jin daɗi ya koma ga iyalinsa lafiya.

1. Gaɓar Tekun Nijeriya

Ƙasarmu tana fuskantar Tekun Atalantika ta ɓangaren da ake kira Mashigin Gini. Tsawon gaɓar ya kai kimanin kilomita 853, tun daga Seme a kan iyakarmu da Jamhuriyar Binin har zuwa bakin Kogin Kuros kusa da iyakar Kamaru. Gaɓar ba iri ɗaya ba ce. Daga Badagiri zuwa Ikko da Lekki doguwar shimfiɗar rairayi ce, bayanta kuma akwai tafkuna masu haɗe da teku waɗanda ake kira lagun. A ƙasar Ilaje ta Jihar Ondo gaɓar taɓo ce. Daga nan sai yankin da Kogin Kwara ya rarrabu ya faɗa teku, a Jihohin Delta da Bayelsa da Ribas, inda hanyoyin ruwa suka sarƙe cikin kurmin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri. Can gabas, a Jihar Akwa Ibom, rairayi ya sake shimfiɗuwa a Ibeno.

Ko'ina a cikin wuraren nan akwai al'ummar da ta gaji su tun kaka da kakanni: Egun a Badagiri, Awori a kewayen Ikko, Ilaje, da Itsekiri, da Ijo, da Andoni, da mutanen Ibeno, har da masunta 'yan Gana masu manyan kwalekwale da suka daɗe da zama a gaɓarmu. Kamar yadda baƙo ba ya shiga kogi a Arewa bai nemi shawarar Sarkin Ruwa ba, haka ya kamata ya fara gaida shugaban masuntan wurin da ya sauka, ya yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

2. Abubuwa Uku Da Suka Bambanta Teku Da Kogi

Na farko shi ne gishiri. A cikin kowace lita ɗaya ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, watau kusan cokali biyu na cin abinci. Shan wannan ruwa ƙara ƙishirwa yake yi, domin sai ƙoda ta yi amfani da ruwan jiki kafin ta fitar da gishirin. Saboda haka tilas ne mai zuwa kamun kifi ya tafi da ruwan shansa isasshe. Gishirin nan kuma yana cin ƙarfe, don haka a wanke ƙugiya da wuƙa da injin naɗe zare da ruwan famfo da zarar an dawo, in ba haka ba tsatsa ta lalata su cikin 'yan kwanaki.

Na biyu shi ne cika da janyewa. Kogi yakan cika da damina ya janye da rani, amma teku a gaɓarmu tana cika sau biyu ta janye sau biyu a cikin kowace sa'a 24 da minti 50. Abin da ke jawo haka shi ne ƙarfin jan da wata da rana suke yi wa ruwan duniya, kuma na wata ya fi tasiri saboda kusancinsa. Tsakanin cika ɗaya da mai bi mata akwai kimanin sa'a 12 da minti 25. Ke nan in yau teku ta cika da ƙarfe 6 na safe, gobe sai wajen ƙarfe 7 saura minti 10. A Ikko bambancin da ke tsakanin cika da janyewa kimanin mita ɗaya ne, amma yana ƙaruwa in an nufi gabas, har ya kai wajen mita 3 a bakin kogin Kalaba.

Wanda ya saba da lissafin kwanan wata yana da sauƙi a nan. A farkon wata, da kuma ranakun 14 zuwa 16 lokacin da farin wata ya cika, rana da wata suna jan ruwa a kan layi ɗaya, sai teku ta cika fiye da kullum, ta kuma janye fiye da kullum, gudun ruwa a mashigai ya yi ƙarfi. A wajen ranakun 7 da 8, da 22 da 23, cikar takan yi sauƙi. Amfanin sanin wannan a fili yake. Dutse ko tudun rairayin da mutum ya taka da ƙafa ya hau da hantsi, kafin la'asar ruwa na iya kewaye shi ya yanke masa hanyar komawa.

Na uku shi ne raƙuman ruwa. Waɗanda ke dukan gaɓarmu ba iskar wurin kaɗai ke tayar da su ba. Guguwar da ake yi can nesa a kudancin Atalantika ita ke turo su, su yi tafiyar dubban kilomitoci kafin su fashe a rairayinmu. Shi ya sa za a ga gari ya yi garau, babu iska babu hadari, amma teku tana ruri. Kuma ba girmansu ɗaya ba: bayan ƙanana da yawa sai wasu manya su biyo a jere. Gaɓar Ikko da Lekki tana da gangara, saboda haka ruwan da ya hau rairayi yakan koma da ƙarfi, yana zare yashi daga ƙarƙashin ƙafar mutum. Ruwan da bai wuce gwiwa ba yana iya kayar da ƙato. Kada mai kamun kifi ya juya wa teku baya, ko da yana ɗaura ƙugiya ne.

Ƙarfin teku ya wuce kayar da mutum ɗaya. Tun daga wajen shekarar 1908 aka soma jera manyan duwatsu da aka yi jigilarsu daga Abekuta domin gina katangun da ke tsare mashigin tashar jiragen ruwa ta Ikko. Katangun suka tare yashin da ruwa ke turawa daga yamma zuwa gabas, sai teku ta yi ta cin rairayin Bar Beach shekara da shekaru, har aka soma aikin cike wurin a shekarar 2008 domin gina Eko Atlantic. A watan Agusta na shekarar 2012 kuma teku ta yi ambaliya cikin dare a Kuramo, kusa da nan, ta yi awon gaba da mutane fiye da goma. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

3. Igiyar Da Ke Jan Mutum Zuwa Ciki

Wannan ita ce babbar sanadin nutsewa a bakin teku, kuma ita ce baƙo ya fi jahilta. Ruwan da raƙuma suka tara a gaɓa dole ya nemi hanyar komawa. Inda ya sami gurbi a tudun yashin da ke ƙarƙashin ruwa, ko gefen duwatsu, ko jikin tsohon jirgin da ya kafe, sai ya tattaru ya bi ta nan kamar ƙorama, ya nufi cikin teku. Faɗin wannan igiya bai cika wuce mita 30 ba, amma gudunta na iya zarce mita 2 a cikin daƙiƙa ɗaya, watau ta fi ƙarfin gwanin iyo na duniya.

Abin da ya sa take yaudarar mutane shi ne wurin da take ya fi ko'ina kama da ruwa mai lafiya. Dama da hagu raƙuma suna fashewa da farin kumfa, tsakiya kuwa ruwa ya yi luf. Baƙo sai ya ce ga wurin shiga. Kafin a kusanci ruwa a tsaya kan tudu a yi kallo na minti goma. In an ga gurbin da raƙuma ba sa fashewa, ko inda ruwan ya fi duhu, ko ya yi launin yashi, ko kumfa da shara suna tafiya ciki maimakon su zo gaɓa, to nan ne, a nisance shi.

In tsautsayi ya sa igiyar ta ɗauki mutum, ya sani ba ƙasa take jan sa ba, nesa da gaɓa take kai shi, kuma ƙarfinta yakan mutu da zarar ta wuce inda raƙuma ke fashewa. Kada ya yi kokawa da ita yana neman komawa gaɓa kai tsaye, domin gajiya ce ke kashewa. Ya kwantar da hankalinsa, ya kwanta rigingine a kan ruwa, ya ɗaga hannu ya yi kira. In yana da ƙarfi ya yi iyo ta gefe, watau ya bi tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinta, sa'an nan ya bar raƙuma su turo shi rairayi. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai.

Wanda ke kan gaɓa kuma kada ya faɗa ruwa hannu rabbana domin ceto, sau da yawa ta haka ake rasa mutum biyu maimakon ɗaya. Ya jefa wa mai nutsewa abin da ke tasowa a ruwa, kamar jarka maras komai a rufe, ko tayar roba, ko igiya. Ya yi kururuwa ya kira masunta ko masu tsaron wurin, a kuma buga lambar agajin gaggawa ta ƙasa, 112. Duk wanda aka ciro daga ruwa bayan ya shaƙe shi a kai shi asibiti, ko da ya ce ya warware, domin illar ruwa a huhu tana iya bayyana bayan sa'o'i.

4. Lokacin Da Ya Dace

Watannin rani, daga Nuwamba zuwa Maris, su ne suka fi dacewa da baƙo, domin teku ta fi kwanciya. Sai dai a Disamba da Janairu hazon hunturu yakan isa har gaɓa, ya hana mai kwalekwale ganin ƙasa ko jirgin da ke tafe. Daga Yuni zuwa Satumba teku ta fi fushi, har masuntan da suka gaji sana'ar sukan rage fita. A farkon damina da ƙarshenta kuma hadari yakan taso farat ɗaya daga gabas da iska mai ƙarfi da tsawa. Da an ji tsawa a ajiye sandar fatsa a bar rairayi, a fake cikin gini ko mota, domin mutum riƙe da doguwar sanda a fili shi ne abin da aradu ta fi saurin samu. Yana da kyau a saurari hasashen yanayi na Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, watau NiMet, kafin a fita.

A cikin yini, kifi ya fi cin ƙugiya da sassafe da kuma gab da faɗuwar rana, musamman in lokacin ya dace da cikowar ruwa. Sa'o'i biyu kafin teku ta gama cika su ne masu fatsa suka fi so, domin ruwan da ke hawa yana tono ƙaguwa da tsutsotsi daga yashi, kifaye kuma su biyo su har kusa da gaɓa.

5. Irin Kifin Da Za A Samu

Mai karatu ba zai ga giwan ruwa ko bargi ko tsage a teku ba, waɗannan na ruwan daɗi ne. Haka kuma ba zai kama kifin ƙanƙarar nan da ake kira taitus ba, domin daga tekunan sanyi na arewacin Turai ake shigo da shi. Tun da yake a gaɓa za a yi hulɗa da masunta da 'yan kasuwa, ga sunayen da aka san wasu kifayen da su a Ikko.

Apo, wanda 'yan kasuwa ke kira kuroka, farin kifi ne mai daɗin nama, yana kiwo a ƙasan ruwa inda akwai yashi da taɓo. Kuta, watau barakuda, dogo ne mai kaifin haƙora kamar tsage, yana yanke zaren roba, saboda haka akan ɗaura 'yar waya kafin ƙugiya. Owere kifi ne mai ƙarfin ja da ke farautar ƙananan kifaye a gefen duwatsu. Ofon yana da dogayen zaruruwa a ƙarƙashin maƙoshi, yana kuma girma ƙwarai a bakin koguna. Abo shi ne mai faɗi kamar tafin hannu, idanunsa biyu a gefe ɗaya, yana kwance a yashi. A cikin lagun akwai obokun, ɗan'uwan ragon ruwa, da karfasa iri-iri. Bonga da shawa kuwa, waɗanda ake kyafewa a kai su kasuwannin Arewa, da raga ake kama su, ba su cika cin ƙugiya ba, amma yankansu abinci ne mai kyau na sa wa ƙugiya.

6. Hanyoyin Kamu Uku

Daga rairayi. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi. Ana bukatar sanda mai tsawon mita 3 da rabi zuwa 4, da injin naɗe zare, da dalma mai nauyin giram 100 zuwa 150 wadda za ta kama yashi kada ruwa ya gangaro da ita. Tana ba ta daɗewa a ruwan gishiri, saboda haka a sa jatan lande ko yankan shawa ko ƙaguwa a ƙugiya. A tsaya a kan busasshen yashi, ko inda ruwa bai wuce idon sawu ba, a jefa zuwa kwarin da ke bayan inda raƙuma ke fashewa. Kafin jifa a waiwaya, kada ƙugiya ta kama yaro ko mai wucewa, kuma a nisanci inda jama'a ke wanka.

Daga kan duwatsu ko bakin lagun. Duwatsun da ke kusa da Tarkwa Bay, inda ake zuwa da jirgin ruwa daga Ikko, suna tara kifi, amma suna da gansakuka mai santsi da ɓawon kawa mai yanka kamar reza. Duk dutsen da aka gani a jiƙe, alama ce ruwa yana kai masa. A sa takalmi mai kama ƙasa, a sa rigar kariya daga nutsewa, kada kuma a je mutum ɗaya. Ga mai iyali da yara, bakin lagun ya fi kwanciyar hankali, ko da yake nan ma ruwa yana gudu a lokacin cika da janyewa.

Daga cikin jirgi ko kwalekwale. Nan ne ake samun manyan kifaye, nan ne kuma haɗari ya fi yawa. Kada baƙo ya yi hayar kwalekwale ya tuƙa da kansa. A nemi matuƙin da masuntan wurin suka sani, a yi ciniki a gama tun a ƙasa: nawa ne, sa'a nawa, kifin da aka kama na wa ne. A duba ko akwai rigar kariya ga kowa da kowa, da filafili ko da inji ya mutu, da anga, da abin kwashe ruwa, da fitila, da mai isasshe na zuwa da dawowa. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, watau NIWA, wadda aka kafa a shekarar 1997, ta wajabta sa rigar kariya, ta kuma hana lodin da ya wuce kima da tafiyar dare. A sa rigar a ɗaure ta sosai tun kafin a shiga, kuma a cire babbar riga da takalmi mai nauyi, domin tufafi masu yawa in sun jiƙe suna ɗaure mutum. Wurin da ya fi haɗari shi ne inda ake keta raƙuma wajen fita da dawowa, da bakin kogi inda ruwa biyu suka haɗu. A nan a zauna ƙasa, a riƙe jikin jirgi, a bi umurnin matuƙi ba gardama. A gaya wa wani na kan tudu inda aka nufa da lokacin dawowa, a sa wayar hannu cikin leda a ɗaure. Mai saurin jiri ya ci abinci kaɗan maras maiƙo, ya riƙa kallon nesa inda sama ta haɗu da ruwa.

7. Halittun Da Za A Yi Hattara Da Su

Mutanen Binuwai sun san kunamar ruwa. 'Yan'uwanta suna da yawa a teku, suna kwanciya cikin yashi a ruwa maras zurfi, da ƙaya mai dafi a wutsiya. Mai tafiya a ruwa ya riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa, don ta ji motsi ta gudu. Haka kuma kifin teku mai gashin baki yana da ƙayoyi masu dafi a baya da gefe, kamar na kurungu amma sun fi zafi. In ɗayansu ya soki mutum, a wanke wurin, a tsoma shi cikin ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta iya jurewa ba ƙuna, na tsawon minti 30 zuwa 90, sa'an nan a tafi asibiti a duba ko guntun ƙaya ya saura, a kuma yi allurar rigakafin sandarewar jiki. Kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau.

Akwai kuma wata halitta mai kama da farar leda ko shuɗin balan-balan, mai dogayen zaruruwa, wadda ruwa kan jefo kan rairayi. Ko ta mutu zaruruwanta suna harbi, don haka a hana yara taɓa ta. In ta harbi mutum, a wanke da ruwan teku, a cire zaruruwan da tsinke, kada a murza, kada a fara zuba ruwan famfo mai sanyi domin yana ƙara tayar da dafin. In numfashi ya soma wuya a garzaya asibiti.

Talibambam na teku, mai kumbura ciki in an taɓa shi, yana ɗauke da guba mai kisa musamman a hanta da ƙwai, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Baƙo ya mai da shi ruwa. Duk kifin da ba a sani ba a nuna wa masunci kafin a ci. In kuma ƙugiya ta nutse cikin nama har ƙayarta ta shige, kada a fizge ta baya, a yanke zaren a tafi wurin ma'aikacin lafiya.

8. Adana Abin Da Aka Kama

Zafin gaɓa da laimarta suna ɓata kifi da sauri. Da an kama a kashe shi, a cire kayan ciki, a wanke, a sa cikin ƙanƙara, ko aƙalla a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Wasu kifaye masu jan nama, irin su tuna da shawa, in sun daɗe a zafi sukan tara wani sinadari mai sa jan fuska da ƙaiƙayi da ciwon kai da gudawa jim kaɗan bayan ci, kuma suya ko dafuwa ba ta kawar da shi. Mai son kai tsaraba gida ya ba matan da ke sana'ar kyafa kifi a gaɓa su kyafe masa sosai kafin ya kama hanya.

9. Doka Da Haƙƙin Masunta

Teku dukiyar ƙasa ce. Dokar soja mai lamba 28 ta shekarar 1978 ta ba Nijeriya ikon mallakar albarkatun teku har zuwa mil 200 na teku daga gaɓa, watau kimanin kilomita 370. Dokar Kamun Kifi a Teku mai lamba 71 ta shekarar 1992, wadda ta maye gurbin ta 1971, ta wajabta wa manyan jiragen kamun kifi yin rajista da karɓar lasin, ta kuma haramta wa kowa kama kifi da nakiya ko guba. Ƙa'idojin da ke ƙarƙashinta sun keɓe mil 5 na farko daga gaɓa, kimanin kilomita 9, inda aka hana jiragen da ke jan raga su yi aiki, domin nan ne ƙananan kifaye ke girma, nan ne kuma ƙananan masunta ke neman abincinsu. Waɗannan masu kwalekwale su ne ke samar da mafi yawan kifin da ake kamawa a ruwayen ƙasar nan. Binciken harkokin teku yana hannun Cibiyar Nazarin Teku ta Nijeriya da aka kafa a Tsibirin Biktoriya na Ikko a shekarar 1975, kuma a shekarar 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin harkokin teku da tattalin arzikinta.

Abin da baƙo ya zo yi don nishaɗi, shi ne abin da masunci ke ciyar da iyalinsa da shi. Saboda haka kada a jefa fatsa inda aka kafa raga ko ake jan taru, kada a ɗaga tarkon wani, kada a hau kwalekwalen da aka ajiye ba izini. A wasu ƙauyuka akwai ranar da al'ada ta hana shiga ruwa, a girmama ta. A ɗauki abin da za a ci kurum. Ƙaramin kifi da mai ƙwai a cire musu ƙugiya da jiƙaƙƙen hannu a mai da su ruwa, domin su ne kifin baɗi. Ƙasarmu har yanzu tana kashe kuɗi masu yawa wajen sayo kifi daga waje, bai kamata mu ɓarnatar da namu ba.

Kunkurun teku yakan fito cikin dare ya haƙa rami a rairayi ya sa ƙwai. Yawansa ya ragu ƙwarai a duniya, shi ya sa aka wajabta wa jiragen kamun jatan lande sa wata ƙofa a ragarsu wadda zai fita ta ciki. Kada a kama shi, kada a haƙe ƙwansa, kada a sayi namansa ko ƙoƙon bayansa. Haka nan ayu, wanda ake samu a lagun da bakin koguna, yana cikin dabbobin da Dokar Kare Dabbobi Masu Ƙarewa ta shekarar 1985 ta haramta farautarsu. Zaren fatsa da leda da robar ruwa kuwa a kwashe su a tafi da su, domin suna shaƙe kunkuru da tsuntsaye.

Har ila yau, a nisanci hanyar manyan jiragen da ke shiga Apapa, domin babban jirgi ba ya iya tsayawa nan take. A nisanci ma'aikatun haƙar mai na cikin teku, waɗanda dokar ƙasa da ƙasa ta ba su kewayen tsaro na mita 500. Kada a shiga sarƙaƙƙun hanyoyin ruwa na yankin Neja Delta ba tare da ɗan gari ba, kuma a bi umurnin sojojin ruwa da 'yan sandan ruwa a duk inda aka gamu da su.

Kammalawa

Jama'a, kafin a tashi zuwa bakin teku a tuna da waɗannan abubuwa:

1. A tambayi masuntan wurin kafin a kusanci ruwa.
2. A san lokacin cika da janyewa na ranar.
3. A guji gurbin da ruwa ya yi luf tsakanin raƙuma.
4. Kada a shiga jirgi ba rigar kariya, kada a yi tafiyar dare.
5. Kada a sha abin maye a bakin ruwa, kada a ɗauke ido daga kan yara.
6. A mai da ƙananan kifaye ruwa, a bar kunkuru da ayu, a kwashe shara.

Gwamnatin Tarayya tana ƙarfafa wa 'yan ƙasa gwiwa su ziyarci sassan ƙasarsu, su san juna, su ga albarkatun da aka yi mana, domin ta haka ne haɗin kai ke ƙaruwa. Mutumin Sakkwato da ya zauna cikin kwalekwale ɗaya da masuncin Ilaje, ya koyi sunan kifi a bakinsa, ya riga ya ƙulla zumunci. Muna roƙon wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa wanda bai iya ba, malaman makaranta kuma su bayyana shi ga ɗalibansu kafin su kai su yawon buɗe ido. Rigakafi ya fi magani.